Wa Ya Nuna Musu Kabarin?

Ni na nuna wa masu haƙar kayan tarihi tsohon kabarin da ke tsaunin bayan gonarmu a yankin Eryri, don a ce ni ma Idwal na san wani abu. Suka tono tulun tokar gawa da rabin sarƙar baƙin dutse, suka kai birni. Ko sunana ba su rubuta ba.

Da almuru ina neman tunkiyata da sandata a hannu, na tarar da wata mata durƙushe a ramin. Ana yayyafi, amma gashinta a bushe.

"Baiwar Allah, ɓata kika yi?"

"Nan na kwantar da ɗana. Wa ya nuna musu?"

"Oho, ban sani ba."

Ta ɗago kai. Ɗaya rabin sarƙar na wuyanta.

"Idwal, da sandar nan ka nuna."