Gwangwanin Rumaisa a Kogon Kuka

Magariba ta kawo kai a wani ƙauye da ke kusa da Tofa. An shigo da awaki, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gida, Inna Sauda na tuƙa tuwo. Sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano, kwaram! Ta leƙa waje, ba kowa. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo baya, gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi.

'Yarta Rumaisa ta idar da alwala ta shimfiɗa darduma, ta fuskanci yamma.

"Ke! Ina kika dosa?" in ji Inna Sauda.

"Alƙibla mana, Inna."

Uwar ta juya ta. Kafin ta koma bakin murhu, yarinyar ta sake karkacewa, tana kallon kudu. A nan ne gaban Inna Sauda ya faɗi, domin duk ƙauyen babu wanda ya kai Rumaisa sanin hanya. Ko a tsakiyar gonar dawa ka ajiye ta, za ta nuna maka arewa ba ta ko ɗaga kai ba.

To, wani wasa ne Rumaisa ta koyo a makaranta. A sami ƙaramin gwangwani, a sa ɗan littafi da ɗan abin tsaraba, a ɓoye a daji, a ɗora lambobin wurin a intanet. Mai nema ya bi kibiyar taswirar wayarsa har ya iso, ya rubuta sunansa. Dokarsa musaya: ka ɗauki abu, ka bar abu. Rumaisa ta ɓoye nata na farko a kogon tsohuwar kukar da ke bakin gonarsu. Cikin mako biyu samari sun fara zuwa a kan babur daga Dawakin Tofa, har daga Kano, kowa ya zura hannu a kogon yana dariya.

Kwana shida ana jifa duk magariba. Rumaisa ta koma ba ta gane ƙofar ɗakinta. In ta nufi rijiya sai a tsince ta a bayan rumbu tana kuka. Maƙwabta suka ce aikin aljanin kukar ne, a yanka baƙin bunsuru a kai masa gindinta.

"Ko kaza ba zan yanka masa ba," in ji Inna Sauda. "Babu mai bi na bashin jini."

A rana ta bakwai ta kira Malam Dabo, tsohon malamin da ya karantar da rabin ƙauyen. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a kan buzu, ya yi ta karatu a hankali har rana ta yi ja. Can sai Rumaisa ta sandare. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai kauri, kamar daga cikin tulu.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Tun kafin a sari gonar nan nake cikin kukar. Kakanninta kan yi sallama in za su wuce. Ita kuwa ta cusa mini gwangwani a ɗaki, ta raba wa duniya lambar gidana. Kullum hannu a kaina, ba bisimilla, ba sallama. Ba dokarsu ba ce musaya? Ta bar mini gwangwani, na ɗauke mata gabas."

"An shiga haƙƙinka," in ji Malam Dabo, "za a cire shi. Me kuma?"

"Ta daina yawo a gonaki. Kada ta ƙara taka bayan katangar gidan nan da wayar nan. Sannan in mayar mata."

Inna Sauda ta miƙe tsaye.

"Wallahi ƙarya kake! Yarinyar da na yi ta wanke-wanke da surfe don ta yi karatun awon ƙasa, ita za ka tsare mini a ɗaki? Ubanta ya rasu ya bar mata gonar nan, sai ta taka ta lungu-lungu. Kai ka kawo zancen doka, to mu tsaya a kanta. Gwangwani ka karɓa, gwangwani za mu ɗauke. Ka ajiye abin da ka ɗauka, ba ƙari."

"Tsohuwa, kin san da wanda kike magana?"

"Da baƙon da ya hana 'yata fuskantar Ubangijinta. Kai ma za ka tsaya a gabansa."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Muryar ta yi gurnani, ta yi magiya, daga ƙarshe ta ce a kawo gwangwanin ta gani. Inna Sauda ba ta aiki kowa ba. Ta yafa mayafi ta ratsa gonar ita kaɗai, duhu na sauka. Ta tsaya a gindin kukar ta yi sallama da ƙarfi, ta yi bisimilla, ta zura hannu har kafaɗa. Da ta dawo ta dire gwangwanin a gaban 'yarta, sai Rumaisa ta yi atishawa sau uku ta zube.

Ana kiran sallah ta farka. Malam Dabo ya tambaye ta, "Ina gabas?" Ta ɗaga hannu ta nuna, daidai. Inna Sauda ta fashe da kukan da ta riƙe kwana bakwai.

Washegari da hantsi Rumaisa ta goge lambar kukar daga intanet. Ta ɗauki gwangwanin da wayarta ta nufi ƙofa, sai ta tsaya tana duban uwarta.

"Me kike jira?" in ji Inna Sauda. "Je ki ɓoye shi a gindin darbejiyar da ubanki ya shuka. Ki bi ta gaban kukar, ki yi masa sallama, ki wuce abinki."