Ranar Da Awaisu Ya Ci Wale

"Ban yarda ba! Ki gaya mata ni na ce ban yarda ba."

Fiddausi tana tsakar gida tana bakacen masara ta jiyo muryar mahaifinta daga ɗaki. Faifan ya kusa suɓuce mata. Alhaji Manu ba mai ɗaga murya ba ne, shekara talatin yana sayen hatsi a kasuwar Dandume ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

"Haba Alhaji," in ji mahaifiyarta Inna Kulu, "yaron nan fa a gabanmu ya tashi. Ko don Bayerabe ne?"

"Kul! Kada ki ɗora mini abin da ban faɗa ba. Ni da ubansa sahu ɗaya muke sallah. Tausayi ne ba shi da shi, Kulu. Da idona na ga abin da ya riƙa yi wa marigayi. Wanda bai ji tausayin mara lafiya ba, na mace zai ji?"

Fiddausi ta ajiye faifan ta shige ɗaki, ta faɗa kan gado tana kuka.

Marigayin da ake nufi Awaisu ne, yayanta, ɗa namiji tilo a gidan. Da sikila aka haife shi. Sa'anninsa na can fili suna buga ƙwallo, shi yana kan katifa ana gasa masa gwiwa. Kowa a gidan lallaɓa shi yake kamar ƙwai. In sun zauna dara da Baba, sai Baba ya yi kamar bai ga hanya ba, ya bari a cinye shi. Ita kanta Fiddausi an sha ja mata kunne, in suna lido ta bar Yaya ya ci.

Sai ga Olawale, wanda ke neman aurenta yanzu, ɗan Alhaji Segun mai gyaran talabijin a bakin tasha. Haifaffen Funtua ne, Hausar bakinsa kuwa har ta fi ta wasu 'yan gari. Duk Alhamis da Juma'a sai ya ɗauro na'urar gem a bayan keke cikin tsohon buhun taki, ya zo ya jona a talabijin ɗin zaure. In an ɗauke wuta ya koma ya kinkimo batirin mota.

Kai, wannan zamani ya yi daɗi! Kaset ɗin ba ya tashi sai an hura masa iska, wannan kuma aikin Fiddausi ne, ta hura har kumatunta su yi ciwo. Fad ɗaya, cikin abubuwan da ake riƙewa ana dannawa, wayarsa ta tsinke an naɗe da tsumma, sai an riƙe shi a karkace yake aiki. 'Yan ƙwallon cikin gem ɗin duk fuskarsu ɗaya, gudu suke kamar an ɗaure musu ƙugu. Amma a idon yaran nan uku babu filin wasan da ya kai zauren Alhaji Manu.

Wale kuwa gwani ne, yatsunsa kamar ba ƙashi. Ba ya ragawa Awaisu ko kaɗan. Biyar da nema, bakwai da nema, ya kuma tashi yana rawa yana cewa, "Je ka koyo, ɗan Alhaji!" Wata rana Baba ya shigo ya tarar da Awaisu na hawaye, kwanansa biyu da dawowa daga asibiti, filasta na manne a bayan hannunsa, Wale na tsalle a kansa. Bai ce uffan ba saboda darajar maƙwabtaka. Ashe ya ajiye abin a ransa shekara goma sha biyar.

Bayan la'asar Fiddausi ta kira Wale. Ta jiyo ƙarar injin ban ruwan da yake gyarawa a shagonsa, sannan ya kashe.

"Fiddo, zuciyata... me ya sami muryarki?"

"Baba ya ƙi. Wai ba ka da tausayi, wai don abin da kake yi wa Yaya a gem."

Ba ta jira amsarsa ba ta ɗora:

"Ka zo ka gaya masa gaskiya, Yaya Wale!"

"Ba zan iya ba."

"Ko da za ka rasa ni?"

"Fiddausi, Allah ya sani ban taɓa son wani abu kamar yadda nake son ki ba. Amma ki duba. In na faɗa, Baba zai gane ɗansa ya san yana bar masa dara, kuma abin na yi masa ciwo. Dattijon da ya binne ɗansa, ni zan ƙara masa wannan? Kuma na yi wa Awaisu alkawari."

"To ni fa? Ni ba abar tausayi ba ce?"

"Ki yi haƙuri, abar ƙaunata..."

Ta kashe wayar cikin fushi. Amma kafin ta ajiye, fushin ya narke. Ga mutumin da ake ce wa mara tausayi, ya gwammace a ɓata masa suna da ya taɓa zuciyar wanda ya ɓata shi. Son da take masa ya ƙaru, har ta ji haushin kanta.

Ita dai ba ta yi wa kowa rantsuwa ba. Laɓe kawai ta yi, tana 'yar shekara goma.

Kwana biyu tana juya maganar. Inna ta ce ta bar shi, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Fiddausi ta ce to, amma a ranta ta san wannan karon ita ce ta ga abin da Baba bai gani ba.

Ranar Asabar da hantsi Baba na zaune a zaure yana gyara igiyar buhu, ta kai masa kunu ta durƙusa. Ba ta tashi ba.

"Da magana ne?"

"Baba, ka gafarce ni. Ba roƙo na zo ba, labarin Yaya Awaisu zan ba ka."

Hannunsa ya tsaya.

"Ranar da Wale ya fara kawo gem, bar masa ya yi ya ci. Ina bayan ƙofar nan da kofin magani. Yaya ya yi jifa da fad ɗin ya ce, 'Har da kai, Wale? Kowa in ya kalle ni gawa yake gani. Ni ba yaro ba ne, na san Baba bar mini dara yake yi.' Ya sa shi ya rantse ba zai sake raga masa ba. Ya ce in zai yi kuka a bar shi ya yi, kukan wanda aka ci a wasa ya fi masa daɗi da dariyar wanda aka ji tausayi."

Baba ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Ya sani? Ya san ina bar masa?"

"Ya sani, Baba. Shi ya sa ya hana a gaya maka, ya ce kana jin daɗi in ka gan shi yana murna, kada a raba ka da wannan. Kai kana lallashinsa, shi ma yana lallashinka."

Igiyar ta zame daga hannun dattijon. Ya daɗe yana kallon kusurwar da talabijin take a da.

"Akwai wata Juma'a," ya ce a hankali, "lokacin cirar auduga. Na ji ihunsa daga ɗaki, na fito a guje ba takalmi, na ɗauka ciwon ne ya tashi. Na same shi a tsaye... a tsaye, Fiddausi, shi da sai an tayar! Yana dariya har yana tari. Na tambaya ya ce ba komai."

"Ranar da ya ci Wale da gaske ke nan. Sau ɗaya tak a shekara uku. Ya ce mini duk rayuwarsa wannan ne kaɗai abin da ya samu da gumin kansa."

Baba ya sa bakin rawaninsa ya rufe fuska. Fiddausi ta sunkuyar da kai, ba ta san ko ta gyara ba ne ko ta ƙara ɓatawa.

"Kira mini shi," ya ce.

Ba a yi rabin awa ba babur ya tsaya a ƙofar gida. Wale ya shigo da baƙin mai a hannu, ko wankewa bai tsaya yi ba. Ya zube a gaban Baba, ya saci kallon Fiddausi, nan take ya gane ta fasa ƙwan.

"Baba, ka yi mini afuwa..."

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Olawale, kuma ka ji tsoron Allah. Ranar da ɗana ya ci ka, bar masa ka yi?"

"Wallahi Baba ban bar masa ba! Biyu da ɗaya ya yi mini. Na yi iya ƙoƙarina in rama, har yatsana ya yi bororo. Ashe ya daɗe yana karantar yadda nake yanka ta gefen hagu, ya tare hanyar. Kwana uku ina jin haushi, ko gaishe shi ban yi da kyau ba."

Dariya ta kuɓuce wa Baba hawaye na bin gemunsa. Inna da ke laɓe a bakin ƙofar cikin gida ta toshe baki da mayafi.

"Biyu da ɗaya," Baba ya maimaita. "Ɗana Awaisu..."

Ya miƙa hannu ya kama na Wale, baƙin man da komai, ya riƙe gam.

"Ni na haife shi, amma kai ka ɗauke shi namiji. Shekara goma sha biyar ina riƙe da kai a zuciya kan alherin da ka yi mini. Ka yafe ni, ɗana."

"Haba Baba, haba..."

"Ka gaya wa Alhaji Segun ya turo. Ranar Juma'a ina gida."

Fiddausi ta tashi da gudu ta yi cikin gida, kunya da murna sun haɗe mata, ta faɗa jikin Inna suka rungume juna suna kuka. Daga zaure ta jiyo muryar Baba:

"Zauna tukuna, ba yanzu za ka tafi ba. Faɗa mini yadda ya ci ta farkon."