Ludayin da Kenzo Ya Gyara

Rana na shirin faɗuwa Kenzo ya naɗe ƙyallen jirginsa, ya saki anga, ƙarfen tsayar da jirgi, a wani lungu na tafkin Biwa, inda dogayen ciyayi suka tare iska. Matarsa Fusae na zaune, ta cika ta yi fam. Ranar ƙarshe ce ta bikin Obon, ranar da matattu ke komawa inda suka fito, kuma duk ɗan masunta ya san ba a bari magariba ta riski mutum a kan ruwa. Ita 'yar masunta ce. Shi kuwa shekara arba'in ya yi a ofis, ya yi ritaya, ya sayi jirgi, shi ke nan ya fi kowa sanin ruwa.

"Uwar yara, dubi wuri lafiya lau. Ko sauro babu."

"Ba ka tambayi kanka me ya kore su ba?"

Kwaɗi suka yi tsit. Warin taɓo ya taso, haɗe da ƙanshin turaren makabarta. Igiyar anga ta miƙe, kamar ana jan ta daga ƙasa.

Wata murya ta fito daga gindin jirgin, a hankali: "Ara mana ludayi."

Fusae ba ta ruɗe ba tukuna. Haka waɗanda ruwa ya ci suke roƙo, in an ba su su ɗura wa jirgi ruwa har ya nutse. Shi ya sa mahaifinta ya ba ta ludayi marar gindi ta ajiye a jirgin, don masu roƙon su yi ta ɗiba a banza.

"Miƙa musu na Baba," ta raɗa masa.

Kenzo ya miƙa. Wani farin hannu ya karɓa.

Sai ruwa ya zubo mata a ƙafa, mai sanyin ƙanƙara.

"Baban yara, me ka yi wa ludayin nan?"

"Gani na yi ba shi da gindi. Na liƙa masa katako."

"Shekara uku famfon kicin na ɗiga ba ka ko kalle shi ba, sai wannan ka ga damar gyarawa?"

Hannu ɗaya ya zama goma, kowanne da ludayi. Ruwa ya wuce idon sawu.

Kenzo ya sunkuya zai ƙwato ludayin. Suka cafke masa wuyan hannu.

Kansa ya shige ruwa.

Haushi ya fi ƙarfin tsoro. Fusae ta tada injin jirgin, ta datse igiyar anga da wuƙar kifi, ta damƙi ɗamararsa.

"Ku sakar min shi! In kashe shi za a yi, ni zan kashe abina!"

Jirgin ya fizga. Kenzo ya faɗo ciki yana aman taɓo.

Sun sayar da jirgin, amma hannun Kenzo na dama bai ƙara bushewa ba. Duk magariba Fusae kan same shi a bakin baho, yana ɗibar ruwa da tafin hannu yana zubawa a ƙasa. Takan wanke shi tas da faɗa, ta janyo shi waje, ta riƙe hannun gam har duhu ya gama shiga. Ta rantse ba za ta yafe masa ba, kuma ba za ta bar musu shi ba.