Wurina a Gefen Inna

Ranar Asabar ce, ashirin da bakwai ga Disamba. Da safe an yi yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai dai ya sanyaya masa kafaɗa, kuma har azahar rana ba ta leƙo ba.

Hutun ƙarshen shekara ne. Ƙanena, wanda har yau muke kira Auta duk da furfurar da ta fara fito masa a gemu, shi ya matsa sai mun je babban birni mun kwana biyu: shi da matarsa da ’yan matansu biyu, da mahaifiyarmu Inna, da ni. Ni a wani gari nake aiki, a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Ni kaɗai nake zaune tun da aurena ya mutu, kuma sai irin wannan hutu nake ganinsu. Na biyo mota na same su a masauki.

Muna fitowa matar Auta ta miƙo mini wayarta.

"Yaya, ke ce hannunki ba ya rawa. Baban yara in ya ɗauka sai ya yanke wa mutane kai."

"Sharri ne," in ji Auta. "Ɗaurin ɗankwalinki ne ya fi ƙarfin waya."

Haka muke yi duk shekara. Yaran ma Gwaggo mai hoto suke ce mini. Na ɗauke su a gaban manyan kantuna masu gilashi, na ɗauke su a kan matakalar nan mai tafiya da kanta, ƙaramar tana ihu ta ƙanƙame ubanta. Na ɗauke su suna shan askirim, suna korar tattabaru. Na ɗauki Inna zaune a bakin titi tana hutawa. Yanar ido ta daɗe da rufe mata gani, haske da duhu kawai take bambancewa.

"Ku yi ta ɗauka," ta ce. "Ni dai ba gani zan yi ba, kada ku bar ni da baki buɗe."

Ba wanda ya ce, Yaya, kawo wayar ki shigo. Ban ga laifinsu ba. Ni na daɗe ina cewa ba na son hoto, su kuma suka gaskata ni.

Da yamma ta yi liƙis muka isa wani fili mai faɗi, a tsakiyarsa akwai famfon nan da ruwa ke tsartuwa sama. An naɗe bishiyoyin wurin da ƙananan ƙwayayen lantarki, amma ba a kunna ba tukuna. Mutane sun taru suna jira. Auta ya ce mu ma mu jira, hoton ƙarshe ke nan, daga nan sai masauki. Suka jeru a gaban ruwan, Inna a tsakiya. Na ja da baya don in samo su duka, har bayan gwiwata ya taɓa wani benci.

Warin na fara ji. Warin tufafin da aka ninke ba su gama bushewa ba, aka rufe a akwati.

"Ke ba kya shiga?"

Wata mata ce zaune a bencin. Sa’ata ce, ko ta ɗan girme ni. Mayafinta ruwan toka, takalminta mara tsini irin nawa, hannayenta a kan cinya. Fuskarta irin wadda mutum zai gani ya manta kafin ya kai ƙofa.

"Ni ce mai ɗauka," na ce.

"Ni ma haka nake." A hankali take magana, sai da na ɗan sunkuya. "Kullum daga nan gefe. Su yi dariya, su tafi."

Na mai da idona kan wayar. Ba na hira da baƙi.

"’Yar’uwa, ki yi mini alfarma," ta ce. "Ban taɓa tsayawa cikin mutane an ɗauke ni ba. Sau ɗaya kawai. In ji yadda ake ji."

Da roƙon kuɗi ta yi, da na san abin da zan ce. Wannan kuwa tausayinta ne ya kama ni, don na san abin da take nufi.

"To, je ki tsaya."

"Ina ne wurinki?"

"Ba ni da wani wuri. Da zan shiga dai, gefen Inna zan tsaya."

"Kin ba ni?"

"Na ba ki," na ce.

Ta miƙe. Ban ji ƙarar takunta ba, amma filin cike yake da hayaniya, ban kawo komai a raina ba. Ina ta shirya abin da zan ce wa Auta, don na san halinsa, zai ɗaga gira ya ce, baiwar Allah, lafiya?

Bai ce ba. Ko kallonta bai yi ba ya matsa mata, kamar yadda ake matsa wa na gida. Ta shiga tsakaninsa da Inna. Babbar yarinyar ta jingina kai a kafaɗarta.

"Yau kam an yi sa’a," in ji matar Auta. "Yaya ta yarda ta shigo!"

Na ɗauka zolayata take yi. Na danna.

A daidai lokacin aka kunna fitilun. Bishiyoyi suka haske gaba ɗaya, na ga bakunan mutane a buɗe, na ga hannaye suna tafi.

Ban ji tafin ba.

Ruwan yana ta tashi yana zubowa, shiru. Motoci suna wucewa a titi, shiru. Abin da nake ji kawai numfashina, da warin nan, wanda yanzu daga jikina yake fitowa.

Na yi niyyar sauke wayar. Hannayena suka ƙi. Suna nan a ɗage a gaban fuskata, gwiwoyin hannuna a maƙale da haƙarƙarina, yadda nake yi don kada hoto ya yi rawa.

Ta cikin gilashin wayar na ga sun watse daga layi. Auta ya faɗi wata magana, matar mai mayafi ruwan toka ta kwashe da dariya har da dukan kafaɗarsa. Ni ban taɓa dukan kafaɗar Auta ba. Ya ji daɗi. Na ga ya ji daɗi.

Suka juya suka nufi matakalar da ke gangarawa wurin ajiye motoci.

"Auta," na ce.

Leɓena ya motsa. Ba abin da ya fito.

Na nemi addu’a a bakina, na same ta, na karanta. Ita ma ban ji ta ba.

Wani mutum ya taho da ɗansa a wuya, ya nufo ni kai tsaye. Bai kauce ba, bai kuma buge ni ba. Sai kawai na gan shi ya wuce.

Sannan na lura ba ni kaɗai ba ce.

Ta gefen ido na gan su. A bakin filin, ƙarƙashin bishiyoyi, inda hasken bai kai sosai ba. Wani dattijo da hula. Wata mata mai jakar yara rataye a kafaɗa. Wani dogon mutum riƙe da tsohuwar kyamara irin ta fim, wadda rabona da ganin irinta tun ina makaranta. Kowa hannu a ɗage. Kowa yana kallon inda wasu suka taɓa tsayawa.

Kayansu a jiƙe.

Ba mai motsi a cikinsu.

Yatsuna biyu kawai ke bin umarnina. Na ja hoton ya matso. Na samo su Auta a bakin matakala, ƙanana, suna rawa a gilashi. Yaran sun sauka da gudu, uwarsu ta bi su. Inna ta tsaya ta miƙa hannu cikin iska, tana jiran a kama ta.

Matar ta kama.

Inna ta sa ƙafa ɗaya a matakala. Ta tsaya.

Ta ɗora ɗaya hannun a kan na matar. Ta shafa bayansa. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Ta fizge hannunta.

Na ga Auta ya sunkuya yana lallashinta, yana nuna matar. Na ga matar tana murmushi, tana sake miƙa hannu. Inna ta ture shi. Ta zauna daɓas a kan matakalar jiƙaƙƙiya, ita da ba ta zama a ƙasa saboda gwiwa. Ta ɗaga fuska tana juya ta dama da hagu.

Ta buɗe baki.

Daga nesa sautin ya zo, siriri, kamar daga ƙasan rijiya.

"Uwata!"

Sunan mahaifiyarta aka sa mini, haka take kirana tun ina goye. Amma Inna ba ta ɗaga murya ko a gida, balle a tsakiyar mutane.

"Uwata! Kina ina?"

Wani abu ya saki a kafaɗata.

"Uwata!"

Wayar ta suɓuce ta faɗi. Na ji ƙarar fashewarta. Na ji! Ruwa, motoci, kukan wani jariri, duk suka afko mini a kunne lokaci guda. Na sunkuya na sure ta na ruga, ƙafafuna kamar ba nawa ba, ina bangaje mutane suna zagina, ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

A tsakiyar fili muka haɗu da matar. Tana dawowa wajen bencin, ba sauri. Kafaɗarta ta gogi tawa, sanyi ya ratsa ni har ƙashi.

Ba ta dube ni ba. A kunnena ta faɗa.

"Tsohuwa ce. Zan jira."

Na zube a gaban Inna. Ta laluba ta kamo hannuna, ta shafa bayansa inda sabulun asibiti ya busar, ta matse shi har ya yi mini zafi.

"Ke ce," ta ce. "Kada ki ƙara sakina."

"Ikon Allah," in ji Auta. "Inna, tun ɗazu fa ita ce riƙe da ke. Gajiya ce kawai, mu je ki kwanta."

Matar Auta ta hawo ta karɓi wayarta, ta ga gilashin ya tsage.

"Yaya! Ke da muke yabo? Ashe gara mai yanke kai."

Suka yi dariya. Ni da Inna ba mu yi ba. A mota ba ta saki hannuna ba, ba ta kuma tambaye ni komai ba. Ni ma ban faɗa ba.

Hoton bai lalace ba. Bayan na koma bakin aiki matar Auta ta tura wa dangi, ta turo mini. Ga Inna, ga Auta, ga matar a tsakaninsu da mayafinta ruwan toka, tana kallona kai tsaye. Dangi suka yi ta rubutu a ƙasa. Ma sha Allah, Yaya ta yi kyau. Gwaggo an ƙara haske. Na nuna wa abokiyar aikina, wadda muke teburi ɗaya shekara da shekaru, ban ce mata komai ba. Ta duba ta ce, "Kai, kin yi kyau a nan. Ki riƙa murmushi haka mana."

Auta ya ce zai sa a wanke shi babba ya rataye a falo.

Na yi kwanaki ina juya yadda zan hana shi. Wata Lahadi da rana na daure na kira.

"A’a, Yaya, yau kuma?" ya ce. "Kin manta wani abu ne jiya?"

"Jiya?"

"Da kika kira mana. Wallahi kin ba mu dariya, har yanzu yaran suna maimaita labarin likitan nan. Hutun nan ya canza ki, Yaya. Haka muke son ki."

Na riƙe bakin teburi.

"Inna fa? Ta yi magana da... mun yi magana da ita?"

"Ƙi ta yi. Wai ba ta son waya. Kin san rigimar tsufa."

Na ce ya gaishe su, na kashe.

Ban sake kira ba, don ban san yadda zai bambance muryoyin ba. Takarda na samo. Na fara na yaga, na fara na yaga, don ban saba faɗin abin da nake so ba. A ƙarshe na rubuta masa komai, tun daga bencin, ko ya yarda ko ya ce na zautu. Na ce kada ya rataye hoton. Na ce duk wadda ta zo ƙofarsa da sunana, ko da ni ce, ya fara kai ta wurin Inna. Na gaya masa na nemi canjin wurin aiki zuwa garinsu, kuma ina roƙon ɗakin bayan nan da suke ajiye tarkace.

Layin ƙarshe shi ya fi ba ni wuya. Na rubuta: Inna ta tsufa, Auta. Ina so in zauna a cikinku har ku san ni, tun tana nan.

Ranar Litinin kafin in wuce asibiti na biya gidan waya. Na tsaya a gaban teburin karɓar wasiƙu, ma’aikacin yana ta rubuce-rubucensa bai ɗago ba. Na yi sallama, bai ɗago ba. Na ƙwanƙwasa katakon da ƙarfi, har na bayana suka juyo.

"Yi haƙuri, Hajiya," ya ce. "Ban gan ki ba."

"Ga ni," na ce. "Dube ni da kyau."

Ya dube ni, ya karɓa, ya buga hatimi. Ban tafi ba sai da na ga wasiƙar ta faɗa cikin buhu.