Masu Kallon Ƙanƙara a Benen Tianxiu

Da safiyar wata Litinin ta watan Oktoba, ba a daɗe da gama wasannin Olamfik ba, Zayyad ya shiga ofishin kago, wato na aika kaya ta jirgi, na Alhaji Iddrisu a benen Tianxiu da ke birnin Guangzhou na ƙasar Sin, yana jan buhu biyu na jakunkunan mata da ya sayo a kasuwar Shiling.

Benen shiru. Tun da aka tsaurara biza saboda wasannin, yawancin mutanen da ya sani sun koma gida, shagunansu a kulle. Babu kowa a ofishin sai wata budurwa mai mayafi ruwan toka, ta ƙura wa kwamfuta ido.

Ya yi sallama. Kafin ta amsa, wata ƙara mai kama da hon ɗin jirgin ruwa ta tashi daga kwamfutar. Budurwar ta ɗaga hannu biyu sama, sai ta tuna akwai baƙo, ta sauke su cikin kunya.

"Naku ne suka ci ke nan," in ji Zayyad. "Ba a busa wannan hon sai masu gida sun jefa."

Ta dube shi da kyau. "Ka san hoki?"

"Hokin ƙanƙara? Shekara huɗu na yi ina karatu a Kazan, ƙasar Rasha. Wace ƙungiya ce?"

"Edmonton."

"Ayya. Allah ya ba ku haƙuri."

Ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Rabonta da dariya irin wannan tun kafin ta bar Kanada.

Sunanta Hamdia, 'yar Alhaji Iddrisu ce. A zangon Kumasi aka haife ta. Tana ƙarama iyayenta suka rabu, mahaifiyarta Mariatu ta tafi da ita birnin Edmonton na Kanada, can ta girma. Da Mariatu ta rasu a farkon shekarar, Alhaji ya dawo da ita wurinsa. Ya ba ta ɗaki da tebur a ofis, yana kula da cinta da shanta, amma in sun zauna su biyu, hirar ba ta wuce kwantena da ranar tashin jirgi. Sunan mahaifiyarta kuwa bai taɓa fita daga bakinsa ba.

Zayyad ɗan Kano ne, shagon gidansu yana Sabon Gari. Shi kaɗai yake kwana a wani ɗaki a unguwar Xiaobei tun da abokin zamansa ya koma gida. Ko a da, in ya yi maganar hoki dariya ake masa, a ce ana zancen ƙwallon Ingila ya kawo wasan masu sanda.

Idan dare ya yi a Kanada, gari ya waye a Guangzhou. Sai Zayyad ya riƙa samun dalilin zuwa ofishin da hantsi, yau tambayar kaya, gobe awon buhu.

"Kai wa kake goyon baya?" ta tambaye shi.

"Detroit."

"Masu riƙe da kofi! Ai kowa ma zai iya. Ba Toronto ce ta je har gidanku ta doke ku a wasan farko ba?"

"Wasa ɗaya cikin tamanin da biyu, Hamdia. Ku da kuka ci 'yan wasanni a jere har kun fara goge wurin ajiye kofi."

"San Jose fa? Ka ga yadda suke zuba wuta?"

"Halinsu ne. Zafi a Oktoba, sanyi a Afrilu."

Hausarta ta Kumasi ce, mace ma "ya" take ce mata, shi kuma ya yi ta tsokanarta. Ita kuma ta ce Hausarsa ta cika sauri, kamar ana bin sa. Da ya tafi Shiling, hirar ta koma waya.

"'Yar ƙanƙara, na ji an lallasa ku. Mai tsaron ragarku barci ya yi ne? In kawo miki shayi da biredi na ta'aziyya?"

"Ɗan Detroit, ka bar golanmu ya huta. Kawo shayin dai. Yau ofis babu kowa, har Sinawan shagon kusa sun gaji da gaishe ni da nihao ɗinsu."

Wata safiya ta ba shi labarin shekarar da Edmonton ta kai wasan ƙarshe ta faɗi. Ita da mahaifiyarta suka kalla a falo, uwar ba ta gane dokar wasan ba amma ta fi kowa ihu.

"Tun da ya rasu, ni kaɗai nake kallo," ta ce, idonta a kan allon.

Zayyad bai tsokane ta da "ya" ɗin ba ranar. Ya ce, "In kin yarda, daga yau ba za ki ƙara kallo ke kaɗai ba. Ba wannan kakar kawai nake nufi ba."

Ta ci gaba da kallon wasan. Sai da yamma saƙo ya shigo wayarsa.

"Na ji abin da ka ce. Ka tura manya wurin Baba."

Ya tura Malam Tankari, dattijon da 'yan Arewa ke kai wa ƙara a Xiaobei. Alhaji Iddrisu ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce a'a.

Akwai dalili. Abdul-Fatah, ɗan abokin cinikin Alhaji daga unguwar Nima ta can ƙasarsu, ya daɗe yana son Hamdia, ita kuwa gaisuwa kawai ke haɗa su. Shi ya zauna da Alhaji ya ce, "Baba, ɗan Kano ina ya ga ƙanƙara in ba a firij ba? Ya ji yarinya na da fasfo na Kanada, ya shiga intanet ya haddace sunayen ƙungiyoyi. Takarda yake nema."

Alhaji ya maimaita wa 'yarsa maganar, ya ƙara da tasa. "Kanada ta raba ni da ke sau ɗaya. Ba zan miƙa ki ga wanda zai sake mayar da ke can ba."

Hamdia ta so ta musa, amma ta rasa abin kamawa. Ba ta taɓa ganin ko hotonsa na Rasha ba. Kuma cikin ƙungiyoyi talatin, me ya sa sai mai riƙe da kofi? Ta daina amsa saƙonsa.

"'Yar ƙanƙara, lafiya? Shirun ya yi yawa."

"Hamdia, in laifi na yi ki faɗa min."

Nuwamba ta shigo da ɗan sanyinta. Edmonton na ci yau, a ci ta gobe, Hamdia na kallo da murya a kashe. Zayyad ya koma kai kayansa wani ofishin, don kada ya ɓata mata suna. Da safe yakan zauna a wani gidan abincin Musulmin Sin, ya sa taliya a gaba har ta huce. Mai gidan ta taɓa tambayarsa, "Laoban, maigida, ina abokanka?" Ya amsa mata da kalmar da ya fi ji a kasuwa, "Meyo." Babu.

Malam Tankari ne ya gano abin da aka faɗa, ya sanar da shi. Zayyad ya rubuta wa Hamdia saƙo ɗaya.

"Na ji zargin da ake min. Ba zan yi rantsuwa ba. Juma'a bayan la'asar ina filin ƙanƙarar da ke babban kantin Tianhe. Kada ki zo ke kaɗai, ki roƙi Baba ya zo."

Ta nuna wa mahaifinta. Alhaji ya ce, "Mu je. Gara in ga ƙaryarsa da idona."

Filin na cike da yaran Sinawa da iyayensu. Zayyad ya gaida Alhaji har ƙasa, ya ɗaura takalmin haya mai ƙarfe a tafi, ya hau. Ya ɗan yi tangaɗi da farko. Daga nan ƙafarsa ta tuna, ya zagaya filin, ya juya da baya, ya zo gabansu ya ja birki har garin ƙanƙara ya fantsama a katanga.

"Wa ya koya maka?" Alhaji ya tambaya.

"Tsohon da na yi haya a gidansa a Kazan, Baba. Musulmi ne, ba shi da kowa. Ya ga ba na fita daga ɗaki, ya ja ni kallon wasa. Shi ke son Detroit, saboda 'yan ƙasarsu da ke buga mata. A wurinsa na gada."

"Kanada fa?"

"Na zauna cikin sanyi, na san abin da ke cikinsa. Da takarda nake nema, da ban bar Rasha ba. Mahaifiyata na Kano, sana'ata na nan. In kun ba ni Hamdia, duk safiya za ta gaishe ku."

Alhaji ya juya ga 'yarsa. "Ke ma kin iya wannan abin?"

"Na iya, Baba."

"Nuna min."

Ta gyara mayafinta, ta ɗaura takalmi. Da ta hau, sai ta zama wata daban. Doguwar rigarta na bin iska, tana ratsa yaran ba ta taɓa ko ɗaya ba, fuskarta a sake. Alhaji ya riƙe katangar da hannu biyu. Wata da watanni tana gidansa, bai san 'yarsa na iya tafiya haka ba.

Da ta dawo tana haki, ya ce a hankali, "Shekararki nawa kika fara?"

"Shida. Na faɗi na fasa leɓe, Mama ya ɗauke ni a baya har gida."

"Ba wanda ya gaya min," in ji Alhaji, yana share ido da gefen hannun rigarsa. "A mota za ki ba ni sauran labarin."

Kafin su tafi, ta matso kusa da Zayyad. "Ka yafe min. Na yi maka mummunan zato."

"Na yafe, masoyiyata. Amma golanku har yanzu barci yake."

Alhaji ya sa aka yi bincike a Kano, labari mai kyau ya dawo. Ya kira Abdul-Fatah ya ba shi haƙuri, ya kuma ja masa kunne a kan faɗin abin da bai gani ba.

An ɗaura aure wata Juma'a cikin Disamba, Malam Tankari ne waliyyin ango. Mutanen Kano da na Kumasi da na Zinder da suka rage a gari suka cika gidan abinci guda, aka ci shinkafa da wake, aka sa wayar mahaifiyar ango a lasifika tana ta guɗa daga Kano.

Da za a raka amarya, Alhaji Iddrisu ya riƙe hannun 'yarsa. Ya daɗe yana kallonta.

"Da Mariatu na raye," ya ce, "da ta so yaron nan."

Hamdia ta kifa kanta a kafaɗarsa tana kuka. Ya dafa ta, ya miƙa wa Zayyad ɗaya hannun.

"Allah ya ji ƙanta. Ku kuma Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa gidanku ya cika da hayaniya."

Duk ɗakin aka ce amin.