Wace Ce Lamba Tara?

Ranar da ta fara ganinsa, a kujerar ƙarshe ta ɗakin kwamfuta yake zaune, ba na'ura a gabansa, sai bin ɗalibai da ido. Ita ce mai kula da ɗakin, mace tilo a ma'aikatan sashen, kuma ba ta ɗaukar raini. Ta lura duk inda 'yan mata suke, nan idonsa yake, sai ta taka har gabansa.

"Malam, kallon 'yan mata ka zo yi?"

"Ƙwarai," ya ce, ko kunya babu. "Da izinin jami'a ma."

Kafin ta wanke shi tas, ya nuna mata layin gaba. Na'urori ba sa isa, bibbiyu ake zama. "Duba mini, duk inda aka haɗa mace da namiji, hannun wa ke kan kibod?"

Ta duba. Kaf maza ke bugawa, matan na riƙe da biro suna rubuta musu sakamako. Duk daɗewarta a ɗakin ba ta taɓa lura ba. Ashe digiri na uku yake yi, yana binciken abin da ke korar mata daga karatun kwamfuta.

Ta sa masa suna Malam Tambaya, shi ya sa mata Sarkin Faɗa. Kafin zango ya ƙare Sarkin Faɗa ta koma Zumata, har manyansa sun je gidansu gaisuwa.

Sai binciken ya kai matakin hira, zaman lafiya ya ƙare. Ɗaya bayan ɗaya 'yan mata ke shiga ofishinsa da ke kallon nata. Ta gilashi take hango yadda yake karkata kai yana saurare, yana cewa a hankali, "Sai me ya faru?" Ai ta san muryar nan, da ita ya sace ta! Wata ta fito tana share hawaye, wata tana murmushi. Mai murmushin ta fi ƙona mata rai. Ga shi ƙa'idar aikin ta hana shi faɗin sunan kowa, ko a wayarsa lamba ya ba kowacce.

An ce kishi kumallon mata, to nata har ya fi ƙarfin kumallo.

Wata rana ya bar wayarsa tana caji a teburinta ya tafi salla. Saƙo ya haska a fuskar wayar:

"Lamba Tara: Wallahi kai kaɗai kake fahimtata. Gobe ma mu haɗu inda muka saba. Don girman Allah kar ta sani."

Kar ta sani! Ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Yana shigowa ta dangwara masa wayar.

"Wace ce Lamba Tara?"

Fuskarsa ta sauya. "Ɗaliba ce a wata makaranta. Fiye da haka ba zan iya faɗa ba, Zumata. Amana ce."

"Kar ka ƙara ce mini Zumata! Binciken ne ya ce ku riƙa haɗuwa inda kuka saba? Ni za ka raina wa hankali?"

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Hasken idona, ko mutum dubu na saurara, ke ɗaya nake so. Ki yi mini uzuri, wata rana za ki gane."

Ta mayar masa: "Ka tura wa Lamba Tara, za ta fi fahimta."

A ɗakin Mama ta zazzage komai tana kuka. Ƙanwarta, Autar gidan, wadda ita ma kwamfuta take karanta a wata kwaleji, ta tattara guga ta fice. Yayansu kuwa abin nema ya samu, don dama abokinsa injiniya yake yi wa kamfen.

"Na gaya muku! Namijin da sana'arsa zama da 'yan mata? Haba!"

Magana ta kai kunnen Baba, ya sa aka kira Malam Tambaya. Tana laɓe a bayan labule ranar da ya zo ya durƙusa a falo.

"Yaro, ba zan ja ka da nisa ba," in ji Baba. "Suna ɗaya nake so. Ka faɗa, a bincika, in babu komai magana ta wuce."

"Baba, Allah ya sani babu komai. Amma na yi wa yarinyar alkawari kafin ta buɗe baki. In na karya, na ci amanarta, kuma babu wadda za ta ƙara yarda ta faɗi abin da ke damunta."

"Ko da za ka rasa 'yata?"

Ya ɗago kai ya dube shi. "Ko da hakan ne, Baba."

A bayan labule ta cije leɓe har ta ji gishirin jini. Wato har ya zaɓi waccan a kanta!

"To, Allah ya haɗa kowa da rabonsa," in ji Baba.

Saurayin yana sa takalmi Auta ta faɗo falon, ta zube a gaban Baba tana shessheƙa.

"Ni ce, Baba. Ni ce Lamba Tara."

Tun farkon zango ba ta shiga aji ba. Kullum takan saɓa jakar laftof ta fita, ta wuni a laburare, can suke haɗuwa yana lallashinta ta koma. Ita kaɗai ce mace da ta rage a ajinsu. In aka ba su aikin rukuni, mazan su ce ta tsara musu bangon rahoto kawai. Wani malami ya ce mata a gaban kowa, "Ke da aure za ki yi, me ya kai ki wahala?"

"Kullum cewa kuke Anti ta yi, ke ma za ki yi. Da wane ido zan kalle ta in ce na kasa?" in ji Auta.

Ta fito daga bayan labule. Wani sabon kishin ne ya kama ta, wanda ya fi na farko ciwo.

"Auta, ɗaki ɗaya muke kwana. Shi kika iya gaya wa, ni ba ki iya ba?"

"Anti, shi tambayata ya yi. Ke ba ki taɓa tambaya ba."

Ta durƙusa ta rungume ta, suka yi ta kuka.

Baba ya daɗe yana kallon saurayin da ke tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Dawo ka zauna, ɗana. Wanda ya yarda ya rasa aure don rufa wa ƙaramar asiri, ba na tsoron danƙa masa babbar."

Yaya, da ke zaune a gefe tun ɗazu, ya sulale ya bar falon.

Auta ta koma aji kafin biki, yayarta ce ta raka ta har ofishin shugaban sashensu, kuma ranar sun ga Sarkin Faɗa da idonsu.

Ana gama ɗaurin aure wayarta ta yi ƙara: "Zumata, an ɗaura. Kin yafe mini?"

Ta rubuta tana murmushi: "Ni ce mai neman yafiya, angona. Amma ka sani, kishina yana nan daram, da shi zan tare."

"Ki taho da shi duka, akwai wuri."

Mama ta dafa kanta, ido cike da ƙwalla. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ke kuma Allah ya sassauta miki wannan zuciya."

Auta ce ta fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.