Harawar da Ba a Juya Ba

A Kekun Waje akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da jar akuya guda ɗaya, wadda kakarta ta ba ta. Son da take yi wa akuyar nan har dariya yake ba mutanen gida. Ko ƙosai ta saya, sai ta gutsura mata.

Da damina ta yi tsakiya, Baba ya yankar mata kunya shida a gefen gonarsa.

"Ki shuka waken harawa nan, ɗiyata," in ji shi. "In rani ya yi babu ciyawa. Abin da kika aje shi akuyarki za ta ci."

Ta shuka, ta nome. Wake ya yaɗu, ganye shar. Ruwa na ɗaukewa suka yanke shi tun ganyen bai zube ba, suka shanya a inuwar ɗorawa.

"Ki riƙa juya harawar safe da marece," Baba ya ce. "Kada ki ɗaure sai kin karya kara ya ce ƙas."

Kwana biyu tana juyawa. A rana ta uku ƙawayenta suka zo da sabuwar igiyar tsalle. Daga nan fa juyi ya tsaya cak.

A rana ta biyar ta zari kara ɗaya daga sama, ta karya, ya ce ƙas. Na ƙasa kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗaure dami shida, Baba ya ɗora mata a kan rumfa.

"Kin juya kullum?"

"Na juya, Baba," ta ce, tana kallon ƙasa.

Bayan sati biyu ta kwance dami ɗaya. Wani wari ya buge ta. Cikin damin ya yi baƙi, fumfuna ta cinye shi. Ta kwance sauran, duk haka suke. Akuya ta shinshina, ta kau da kai.

Baba ya daɗe yana duban harawar.

"Wannan in ta ci, ciwo za ta yi. Ga ta da ciki. In babu abinci, sai dai mu kai ta kasuwa Gusau."

Yarinya ta fashe da kuka. "Baba, ƙarya na yi maka. Kwana biyu kaɗai na juya."

"Na ji daɗi da kika faɗi gaskiya," in ji Baba. "Amma gaskiya ba ta busar da harawa."

Washegari a makaranta ta kasa ko ɗaga hannu. Malam Isma'ila, malamin aikin gona, ya kira ta.

"Mi ya same ki yau?"

Ta gaya masa komai, ba ta rage ba.

"To, share hawayenki," ya ce. "Jiya muka tuge gyaɗar gonar makaranta. Ki kula da harawarta har ta bushe, rabi naki ne."

Daɗi ya kama ta, ta yi masa godiya. Kwana shida tana juyawa safe da marece. Ƙawaye suka kira ta tsalle, ta ce su je tana zuwa. Da ta tashi gwaji, daga can ƙasa ta zaro kara. Ya ce ƙas!

Akuya ba ta je Gusau ba. Ta ci harawa har rani ya wuce, ta haifi 'ya'ya biyu. Yarinya ta rungumo ɗaya, ta kai wa Malam Isma'ila ya gani.

"Malam, na gode. Allah shi saka da alheri."

"Amin. Mi kika koya?"

"In an ba ni aiki, in yi shi duka, sama da ƙasa. In kuma na yi kuskure, in faɗa da wuri."